Saura Shekara Biyu In Aje Aiki, Ku Duba Mini Zanen Gidan Nan

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban cika sa baki ba, yau dai ni ne da magana. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ni a Abuja, in Allah ya kai rai saura shekara biyu in cika 35 a bakin aiki, ka ga ritaya ta zo ke nan ko da ban kai 60 ba. Duk tsawon shekarun nan a gidan haya nake, daga Kaduna zuwa Lakwaja zuwa nan. Ina da fili a Zariya ta wajen Ɗan Magaji, ƙafa 50 a 100, na daɗe da saye na zagaye shi da katanga. Ƙofarsa yamma take kallo.

Ba na son bene, gwiwata ta dama ta riga ta fara damuna a matattakalar ofis. Babban ɗana ya samo mini wani zane a intanet ya buga a takarda: ɗaki huɗu kowanne da banɗakinsa, babban falo haɗe da wajen cin abinci da kicin babu bango a tsakani, garejin mota biyu manne da gidan, manyan tagogin gilashi a gaba, sai matattakala uku kafin a shiga falo. A hoto ya yi kyau ƙwarai. Amma da uwargida ta duba sai ta ce ita ba ta ga inda za ta zauna ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai.

Mu biyu ne, sai autarmu da ke jami'a da wata jika da muke riƙo. Sauran yaran huɗu duk sun yi aure. Wanda ya gina gidan tsufa, ko ya yi jinyar tsoho a gida, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani. Me zan cire, me zan ƙara?

Mai Zane Samaru:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya sa a gama lafiya. Aikina ke nan, kuma irin wannan zanen ana kawo mini shi kusan kowane wata. Matsalarsa ba muni ba ce, ba don ƙasarmu aka zana shi ba ne. A Amurka ko Ingila rana suke nema ta shigo ɗaki, shi ya sa gilashin yake da girma. Garejin ma an manna shi ne don kada mutum ya fita cikin ƙanƙara. Ku kuwa ƙofarku yamma take kallo. Ku tuna ranar la'asar a watan Maris da Afrilu a Zariya, sannan ku sa mata gilashi mai faɗin ƙafa takwas. Falon nan ba zai zaunu ba sai bayan isha'i.

Amma filin naku yana da wata sa'a. Tunda ƙofa yamma take, tsawon ƙafa 100 ɗin ya miƙe ne daga yamma zuwa gabas, wato dogayen bangaye za su kalli kudu da arewa, kuma haka ake so. Tagogi a kudu da arewa suna kallon juna, iska ta shiga nan ta fita can. Bangon yamma a bar shi kusan a toshe, a sa abin da ba a kwana a cikinsa ya tare rana: zaure, sito, rumfar mota. Silin kada ya gaza ƙafa 10, bakin kwano ya fito waje kamar ƙafa biyu zuwa uku ya yi wa bango inuwa.

Tambaya ɗaya: nawa ne faɗin ginin a takardar?

Baban Khalifa:
Na duba, an rubuta ƙafa 46.

Mai Zane Samaru:
To kun gani. Fili 50, gini 46, ƙafa bibbiyu suka rage a kowane gefe. Taga za ta buɗe ne ta kalli katangar maƙwabci, ba iska ba haske, kuma da wuya a ba ku izinin gini a haka. Hajiya ta yi gaskiya, ba ta ga tsakar gida ba ne, don babu shi a zanen.

Maman Sadiq:
Baba, ni maganar ƙofofi da banɗaki zan yi, don na sha wuyarsu da idona da bayana. Mahaifinmu ya gina gidansa yana da ƙarfinsa, gida mai kyau, babu bene. Shekara tara bayan ya tare sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti muka tsaya da keken guragu a bakin ɗakinsa, keken ya shiga da ƙyar yana kankare fenti. Amma ƙofar banɗaki ƙafa biyu ce, ga dokin ƙofa mai tsayin bulo rabi da aka yi don kada ruwa ya fito. Wata uku ni da ƙanena muna ɗora shi a kujerar roba, mu kama ƙafafunta ta gefe-gefe mu karkata mu shiga da shi. Mutum ne mai kunya sosai. Duk sanda muka ɗaga kujerar sai ya rufe idonsa, bai taɓa buɗewa ba sai mun dire shi. Daga ƙarshe sai da aka kira birkila ya fasa bangon, ana fasawa yana kwance a falo ƙura na sauka a kansa.

Don haka ku ce wa mai zane kowace ƙofa ƙafa uku, har ta banɗaki, musamman ma ita. Kada a yi dokin ƙofa, a karkatar da daɓen ne ruwa ya gangara makwarara. Ƙofar banɗaki ta buɗe waje, don idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa ne zai tokare ta. Banɗakin ya yi faɗin da mutum biyu za su tsaya su juya da mara lafiya. Tayil mai santsin nan kuma mai sheƙi, don girman Allah ku rabu da shi. Ruwan alwala kaɗan ya ishe shi ya karya ƙugun tsoho.

Anti Nas:
Na goyi bayan Maman Sadiq ɗari bisa ɗari. A ɗakin ƙashi na asibitinmu tsofaffin da ake kawo mana da karayar ƙugu, idan ka tambaya sau da yawa za ka ji a banɗaki ne, ko da dare an tashi fitsari babu wuta. Ku sa ƙarfen dafawa a bango kusa da masai da wajen wanka, tun ana gini a kafe shi cikin kankare, ba a zo daga baya a ɗaura da ƙusa a jikin bulo mai rami ba. Keke yana buƙatar fili kamar ƙafa biyar kafin ya juya. Daga gado zuwa banɗaki kada ya wuce taku kaɗan, kuma a sa ƙaramin ƙwai na sola da zai kwana a kunne.

Tsohon Hedimasta:
Ɗan'uwa, ni na riga ka, tun 2016 na aje alli. Kuskurena girma ne. Na gina ɗaki shida da falo biyu, ina cewa yara za su riƙa zuwa da iyalansu. Suna zuwa, Allah ya yi musu albarka, amma kwana uku da ƙaramar salla, kwana huɗu da babba. Sauran shekara ɗakuna huɗu a kulle suke. Idan hunturu ya wuce ka buɗe sai ka rubuta sunanka da yatsa a kan daɓe. Gara ta ci ƙofa biyu ban sani ba. Kwano ya yi yoyo a ɗakin da ba a shiga, sai da silin ya rufto muka ji. Duk gyaran nan daga fanshon da bai kai ya kawo ba yake fita. Ɗaki uku sun ishe ka. Banɗaki huɗu kuwa famfo huɗu ne da za su lalace.

Alhaji Na Funtuwa:
Malam Hedimasta, a nan ban bi ka ba. Yaushe Bahaushe ya fara gina gida don mutum biyu? 'Yarka ta haihu ta zo wankan jego, kwana arba'in za ta yi, ina za ka sa ta? Wata aurenta ya samu matsala ta dawo da yara uku, ka ce ta koma ina? Ƙaninka ya rasu ya bar marayu? Ɗan'uwa ya taho daga ƙauye zai ga likita a Shika, ai gidanka ne masauki tunda kai ne a Zariya. Wanda ya yi ritaya ya koma gida ya zama babba ke nan, jama'a za su taru a kansa ko ya so ko bai so ba. Turawa su ke rage gida idan sun tsufa saboda ba mai zuwa. Mu tsufanmu cika yake yi da mutane.

Tsohon Hedimasta:
Alhaji, duk abin da ka lissafa ya faru a gidana, wankan jego sau biyar. Ɗaki ɗaya ya ɗauke su. Ban ce a gina akurki ba, cewa na yi kada a gina wa baƙon kwana bakwai abin da mai gida zai yi wa hidima kwana ɗari uku da sittin. Kai kana kasuwa kuɗi na shigowa. Ɗan fansho lissafinsa daban.

Alhaji Na Funtuwa:
Wannan kuma gaskiya ne, aljihu ba ɗaya ba. Amma dai ya bar fili. Kada ya shafe ko'ina da siminti.

Mai Zane Samaru:
Ai maganarku ba ta yi nisa da juna ba. Kakanninmu ba sa gina gida gaba ɗaya, ɗaki ake ƙarawa idan an ƙaru. A zana gidan duka tun yanzu, a gina sashen da ake buƙata, a bar gurbin ɗaki biyu a baya tare da sanin ta inda bututun ruwa da waya za su bi. Tun ran gini ran zane. Ɗakin baƙi kuma a ba shi ƙofarsa da banɗakinsa ta wajen zaure. Yau na baƙo ne, gobe na mai jinya ko jikan da zai kwana kusa, in abu ya matsa a sa ɗan haya ba tare da ya ratsa cikin gida ba.

Birkila Tudun Wada:
Ranka ya daɗe, shekarata 27 da cokali a hannu. Na ji ana cewa kada a yi dokin ƙofa, to in har matattakalar ma za a cire, a yi hattara. Unguwar da ba a yi wa titi ba tukuna, ranar da za a zo yin kwalta da lambatu ciko za a yi, titi ya hau sama gida ya koma rami. Na gyara gidaje irin haka ba adadi. Akwai wanda muka je, ruwan Agusta ya shigo ta ƙofar gida da tsakar dare, tsohuwa tana kan gado ruwa na wucewa ƙarƙashinta, buhunan masara duk sun jiƙe. Sai da muka ɗaga daɓe, ƙofofi suka gajarce, mai tsayi sai ya sunkuya. Ni ba na fara gini ban ɗaga harsashi aƙalla bulo uku sama da hanya ba. Matattakala uku ɗin nan ba ado ba ne.

Maman Sadiq:
Malam, to wanda ke kan keke fa? Matattakala uku a wajensa daidai suke da katanga.

Birkila Tudun Wada:
Hajiya, sai a yi masa gangara a gefe. Muna yi.

Anti Nas:
Irin gangarar da ake yi a gidaje da shaguna ai ta babur ce. Na ga wadda mai turawa sai ya ja da baya ya taho da gudu. Wannan ta fi matattakala haɗari.

Mai Zane Samaru:
Dukkanku kuna da gaskiya, ga yadda ake haɗa su. Ƙa'idar gangara ita ce duk tsayin inci ɗaya a ba shi tsawon inci 12. Bulo uku ya haura ƙafa biyu kaɗan, wato gangara mai tsawon kusan ƙafa 27. Da jin haka mutum zai ce ina fili, amma filin Baba ƙafa 100 ne. Kada a tara tsayin duka a bakin falo. A yi cikon harabar, tun daga bakin get ƙasa ta riƙa hawa a hankali har baranda, mai tafiya ba zai ma lura yana hawa ba, ruwan sama kuma da kansa zai gangara waje. Daga baranda zuwa ɗaki, zuwa banɗaki, zuwa kicin, daɓe ɗaya babu hawa babu sauka. Kuɗin tifar ƙasa ne, kuma ya fi fasa gini arha.

Birkila Tudun Wada:
Wannan ya yi. Sai dai a daddage cikon da kyau, a ba shi ruwa, in da hali damina ɗaya ta bi ta kansa kafin a yi daɓe. In ba haka ba zai zauna ya tsage.

Ɗan Gusau:
Ni masai na zama ne ban yarda da shi ba. Tsarki ba ya yi mini yadda nake so, ga fantsali. Na tsuguno muka gada.

Anti Nas:
Yayana, kana da gwiwa ne yanzu. Mahaifiyata tsugunawa ba ta gagare ta ba, tashi ne ya gagara. Wata rana sai da ta yi kusan rabin awa tana kira kafin a ji ta. A ɗakin mai gida da uwargida a sa na zama, mai ɗan tsayi, da famfon tsarki a dama da wurin aje buta. Na tsakar gida a bar shi na tsuguno don baƙi da yara, kowa ya samu nasa.

Ɗan Gusau:
To alƙibla fa? Zanen Turawa ba ruwansa da wannan.

Malam Mai Almajirai:
Tambaya ce mai kyau. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya wajen biyan buƙata. Malamanmu na Malikiyya sun ɗauki hanin a kan fili, suka yi sauƙi a cikin gini, saboda hadisin Ibn Umar da ya hangi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidan Hafsa yana fuskantar Sham. Amma wanda bai aza bulo ba tukuna me zai sa ya shiga saɓani? Alƙiblarmu gabas ce mai ɗan karkata arewa, sai a kafa masai yana kallon kudu ko arewa, magana ta ƙare.

Abin da zan ƙara shi ne wurin alwala. A yi ɗan dakali na zama a baranda, famfo a gabansa daidai gwiwa, da makwarara a ƙasa. Tsoho ya tsaya da ƙafa ɗaya yana ɗaga ɗayar zuwa kwamin wanke hannu sau biyar a yini, wannan neman faɗuwa ne. Kuma Alhaji, ka je ka auna tafiya daga filin zuwa masallaci da ƙafarka, da asuba, da damina. Bayan ritaya wannan hanyar ita ce za ta maye maka hanyar ofis.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ina mamakin yadda ba wanda ya ambaci ƙasa. Ɗakin kakata na laka a watan Afrilu ya fi ɗakina na siminti sanyi nesa ba kusa ba, da hunturu kuma ya fi ɗumi. Yanzu akwai tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan. Da shi aka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, aikin Mariam Kamara da abokiyar aikinta, aka gama a 2018. Ku kuma a Zariya kuna da masallacin Juma'a na Babban Gwani, tun ƙarni na 19 bakan gizonsa na ƙasa suke tsaye. Tsoho da zafi ba sa shiri, kuma ba kullum ake da wutar kunna na'urar sanyi ba.

Birkila Tudun Wada:
Sanyi kam ba musu. Amma ruwan Zariya ya fi na Maraɗi yawa, kuma masu iya aza wannan tubalin ba su da yawa a nan. In ba gwani ka samu ba za ka yi kuka. Wanda ya nace, harsashi ya zama na kankare da bulo har ya haura inda ruwa ke fantsama, bakin kwano ya fito sosai. In kuwa bulo za a yi, inci tara a bangon waje, kuma ya sa a buga masa a filinsa yana gani. Na kasuwa wani buhu ɗaya ake miƙar da shi ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, ka ɗaga bulo ya ruguje a hannunka. Ni ba na wuce 30 a buhu, a yi ta ba shi ruwa mako guda.

Hajiya Yaya:
Na karanta duka tun daga sama. Maza kun yi ta magana a kan gida, wadda za ta wuni a cikinsa jimla ɗaya tak aka faɗa ta bakinta. Ƙanena, kai za ka fita masallaci, ka zauna a majalisa, ka je ɗaurin aure da jana'iza. Ita fa? Ta bar maƙwabtanta na shekara da shekaru a Abuja ta dawo unguwar da ba ta san kowa ba.

Kicin a cikin falo ba namu ba ne. A soya manja, a daka daddawa, baƙonka na zaune yana tari, ita kuma tana girki da hijabi don ana ganinta? A yi mata kicin mai ƙofa, da kanta daidai tsayinta da wurin da za ta zauna ta yi yanka. A bayansa rumfa mai murhu don ranar suna da salla da ranar da gas ya ƙare. Sito mai ɗaukar buhunan hatsi, kusa da ƙofar da za a sauke kaya. Igiyar shanya. Inuwa a tsakar gida inda za ta shimfiɗa tabarma mata su shigo su gaishe ta ba sai sun ratsa ta gaban maza ba. Ɗan wuri na kaji da zogale. Wannan ne take nufi da ba ta ga inda za ta zauna ba.

Sai magana mai nauyi, ka yi haƙuri. Rai na Allah ne, amma sau nawa muka ga mai gida ya riga, aka zo rabon gado, aka ce gida ba ya rabuwa sai an sayar, tsohuwa ta karɓi tumuninta ta koma ɗaki ɗaya a gidan ɗa tana kallon fuskar suruka? Ƙawata haka ta ƙare, gidan da ta ɗebi ruwan gininsa da kanta. Tunda kana kan zane, ka zana sashenta yadda zai iya tsayawa shi kaɗai da ƙofarsa.

Malam Mai Almajirai:
Hajiya ta taɓo abu babba. Mutum yana da ikon yi wa matarsa kyauta yana raye da lafiyarsa, amma wasiyya ba ta zuwa ga magaji. Kyautar kuma a mazhabarmu ba ta cika sai an karɓa an mallaka kafin ciwon ajali. Maganar gidan da miji yake zaune a ciki tana da nata bayani, don haka kada a yi ta da baki a ɗaki. A zauna da malami masanin gado, a yi a rubuce da shaidu, 'ya'ya su sani.

Akanta Mai Ritaya:
Ni kuɗi zan yi wa magana. Yallaɓai, ka fara yanzu da albashi na shigowa, kada ka jira abin da za a ba ka a dunƙule. Ba a ranar da ka aje aiki yake fitowa ba, kuma duk abin da ka ɗiba da yawa a farko yana rage na wata-wata har ƙarshen rai. Farashi kuma ba ya jira, kowa ya ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. In ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na NHF kuma ba ka ci bashinsu ba, kana da haƙƙin neman a mayar maka bayan ritaya, ka fara tattara takardunka. Ka tabbatar takardun filin sun daidaita a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ka kai zane KASUPDA, hukumar tsara birane mai ba da izinin gini, a sa hannu kafin a haƙa rami.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne rufi. Dogon rufin nan da ake yayi mai tsini kamar hula, katako da kwanonsa sun isa su gina ɗaki guda. Ƙanƙara ake gudu da shi a can, mu ruwa ne kawai zai gangara. Rufi mai sauƙi, mai ƙarancin kwana-kwana, don a mahaɗa yoyo ke farawa. Abin da ka rage ka sa a sola da rijiya da tankin sama.

Mai Zane Samaru:
Tunda an zo kan ruwa: sokawe da rijiya kada su kusanci juna, aƙalla ƙafa 50, in da hali fiye. Ku leƙa ku ga inda maƙwabta suka haƙa nasu, don ƙasa ba ta san katanga ba. Batir da inbata a ba su wuri mai iska, ba ɗakin kwana ba. Soket kuma a ɗaga su zuwa ƙugu, kada tsoho ya riƙa durƙusawa don cajin waya.

Baban Khalifa:
Jama'a, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifin Maman Sadiq in ya rasu, in yana raye Allah ya ba shi lafiya. Kwana tara ban ce komai ba saboda mun je Zariya ni da uwargida. Na karanta mata duk abin da kuka rubuta, da muka zo kan na Hajiya Yaya sai ta ce in sake karantawa.

Mun shiga filin da la'asar da igiya da toka a leda, yaron maƙwabci ya riƙe mana bakin awo. Da na tsaya inda falon zanen zai kasance na juya yamma, ban iya buɗe ido ba. Ita kuwa ta wuce can ciki wajen wata darbejiya da ta fito da kanta a kusurwar kudu maso gabas, wadda na yi niyyar sarewa, ta tsaya a inuwarta ta ce nan ne tsakar gidanta. Daga bishiyar muka fara awo.

Ga inda muka tsaya. Ɗakuna za su jeru ta gefen arewa da baranda doguwa a gabansu, tsakar gida a kudu. Ɗaki uku: nawa, nata, da na yara, nawa da nata kowanne da banɗaki mai faɗi. Kicin da rumfar murhu a ƙurya kusa da bishiyar. A gaba zaure da ɗakin baƙi, mota ɗaya a rumfa. Mun bar gurbin ɗaki biyu ba za a taɓa ba. Masallaci na auna, minti shida ne a tafiyata, amma akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya, liman ya ce suna shirin cike shi. Maganar sashenta kuma na kira yayana da babban ɗana, za mu zauna da malami bayan salla.

Abu ɗaya ya rage muna ja. Faɗin gaban ba zai ɗauki zaure da ɗakin baƙi da get da shago ba. Ita tana son shago a bakin hanya, ko a ba da haya ko ta sa kayan masarufi jikarmu na tayata. Ni kuma zaure nake so, inda zan zauna a gaisa da mutane.

Alhaji Na Funtuwa:
Zaure. Dattijo ba ya karɓar gaisuwa a bakin shago.

Akanta Mai Ritaya:
Shago. Zaure ba ya sayen maganin hawan jini.

Maman Sadiq:
Ya rasu bara, Baba, na gode da addu'a. Ni dai ko wanne aka zaɓa, ƙofar da za a bi a shiga gida ta zama miƙaƙƙiya. Zauren gidanmu mai lanƙwasa ne, ranar da aka zo ɗaukarsa zuwa asibiti sai a bargo aka fito da shi.

Mai Zane Samaru:
Allah ya jiƙansa. Baba, ku turo mini ainihin awon gaban daga katanga zuwa katanga, da faɗin get ɗin da ke jiki yanzu, da hoton hanyar bayan an yi ruwa. Idan aka matsar da ɗakin baƙi baya da ƙafa 12 ya jingina da zaure ta ciki, ina ganin ƙaramin shago mai ƙafa tara zai shiga ta kusurwar kudu, kuma shi ma zai tare muku ranar yamma. Amma sai na ga awon, kuma kada a haƙa komai kusa da darbejiyar nan kafin in zo in ga inda saiwarta ta bi.